Yadda Ake Ɗaure Kaya a Babbar Mota ko Tirela da Igiya da Bel

"Bar shi haka, nauyinsa ma ya isa ya riƙe shi." Ana yawan jin wannan a wajen lodi idan an ɗora wa mota janareta ko wani ƙaton inji, kuma maganar ba ta da tushe. Nauyi yana ƙara wa kaya kama ƙasa, gaskiya ne, amma daidai wannan nauyin ne yake ƙara ƙarfin da zai ingiza shi gaba idan direba ya taka birki. Ɗaya yana cinye ɗaya. Inji mai tan 5 da akwati mai kilo 50, muddin gindinsu iri ɗaya ne kuma a kan daɓe ɗaya suke, birki ɗaya ne zai zame da su. Bambancin kawai shi ne akwatin zai tsaya a bangon gaba, injin kuwa yana iya fasa shi ya shiga kan direba.

Masu tsara ƙa'idojin sufuri sun auna wannan ƙarfin. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12195-1 da dokar sufurin kaya ta Amurka sun dace a kan adadi ɗaya: ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, kashi 50 ta kowane gefe, kashi 50 ta baya. Wato kaya mai tan 10, idan aka ci birki da ƙarfi, zai tunkuɗo gaba da ƙarfin tan 8. A kwana kuma zai nemi fita gefe da ƙarfin tan 5. Kuma ba sai ana gudu ba. Birkin gaggawa a ƙaramin gudu yakan fi kama kwalta da kyau, saboda haka kaya suna zamewa ko a cikin gari.

Abu uku ne suke tare wannan ƙarfin: tokari, wato kaya ya jingina da abin da ba zai ba shi hanya ba, kamun da gindin kaya yake yi wa daɓen mota, sai ɗauri. Igiya ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma wanda ya yi sakaci da biyun farko zai yi ta zuba igiya ba ta isa ba.

Fara da duba abin da za ka ɗaure da shi

Bel ɗin ɗaure kaya mai racet, wato ƙarfen nan mai haƙora da hannu da ake ɗame bel da shi, yana zuwa da 'yar takarda ɗinke a jikinsa. Karanta ta. Idan an yi shi bisa ƙa'idar EN 12195-2 za ka ga lamba biyu masu muhimmanci. Ta farko an rubuta mata LC, ita ce iyakar ƙarfin da bel ɗin zai ɗauka idan kaya ya fizge shi kai tsaye. Ta biyu STF, ita ce ƙarfin matsin da racet ɗin yake bari a jikin bel bayan ka ɗame da hannunka. Ana rubuta su da ma'aunin daN, kuma daN ɗaya kusan kilo ɗaya ne. Bel mai faɗin milimita 50 da aka fi gani a manyan motoci yakan zo da LC 2500, amma STF ɗinsa bai cika wuce 300 zuwa 500 ba. Riƙe wannan tazarar a ranka, domin a nan mutane da yawa suke ruɗuwa: su ga "tan 5" a jikin kwali, su ɗauka bel ɗaya ya isa kaya mai tan 5.

Launin takardar ma yana magana. Shuɗiya tana nufin zaren foliyesta ne, koriya nailan, mai ruwan ƙasa kuma folifurofilin. Don ɗaure kaya foliyesta ya fi, saboda ba ya miƙewa sosai kuma ruwa ba ya rage masa ƙarfi kamar yadda yake rage wa nailan.

Bi bel ɗin da hannu daga wannan kai zuwa wancan. Wanda ya yanke a gefe, ko zarensa ya tsattsage, ko ya ƙone ya yi tauri, ko ƙugiyarsa ta buɗe baki, ko haƙoran racet suka cinye, ajiye shi. A Jamus yankan da ya wuce kashi 10 cikin 100 na faɗin bel ya isa a daina aiki da shi. Bel ɗin da aka ƙulla don haɗa inda ya tsinke ma ya tashi daga aiki. Dokar Amurka ta hana ɗauri da abin da yake da ƙulli a jikinsa. Wanda takardarsa ta fita kuwa, ba ka san ƙarfinsa ba, to kada ka ɗora masa lissafi.

Igiya tana da nata wurin, sai dai a san iyakarta. Ba ta zuwa da lambar da za ka dogara da ita, kuma ƙulli yana iya rage mata kusan rabin ƙarfi. Tsohuwar jagorar ɗaure kaya ta Birtaniya ta nemi igiya ta kasance mai tufka uku, kaurinta bai gaza milimita 10 ba, ta kuma ce ta nailan ba ta dace ba saboda miƙewa. A ganina igiya ta kayan da ba su da nauyi ce, da katifu, da kujeru, da ɗaure tamfol. Inji, ƙarfe, katako mai yawa, nasu bel ne ko sarƙa. Robar nan mai ƙugiya biyu da take miƙewa kuwa ba abin ɗaure kaya ba ce ko kaɗan.

Sai wurin maƙalawa. Bel mai ƙarfin tan 2 da rabi idan an rataye shi a ƙaramar ƙugiyar tamfol, ƙarfin ɗaurin bai wuce na ƙugiyar ba. Nemi zoben da aka yi don ɗauri, ko ƙarfen gindin bodi mai kauri. A ƙa'idar EN 12640, zoben motar da ta haura tan 12 yana ɗaukar aƙalla 2000 daN, na ƙananan motoci kuwa bai kai haka ba. Duba ko tsatsa ta ci shi ko waldarsa ta tsage.

Daɓe da shimfiɗa

Share daɓen mota tas kafin a ɗora komai. Yashi, tsakuwa, ɓurɓushin hatsi, duk suna zama kamar ƙananan tayoyi a ƙarƙashin kaya. Baƙin mai da giris sun fi su muni. A goge su, a bar wurin ya bushe.

Dalilin wannan sharar yana cikin lissafi. Kamun da gindin kaya yake yi wa daɓe ana auna shi da lamba. Katako a kan farantin ƙarfe wajen 0.3 ne, wato kamun yana tare kashi 30 cikin 100 na nauyin kayan. Katako a kan katako wajen 0.45. Falet, wato dandamalin da ake jera kaya a kai, idan na roba mai tauri ne a kan katako, 0.2 kawai. Idan ka shimfiɗa tabarmar roba mai hana santsi a tsakani, lambar takan kai 0.6. Tunda abin da ake buƙata ta gaba 0.8 ne, da 0.3 saura 0.5 ya rage wa ɗauri, da 0.6 kuwa saura 0.2. Ba sai ka rufe daɓen gaba ɗaya da roba ba. Yanka-yanka a ƙarƙashin ƙafafun kaya sun isa, muddin babu inda kayan yake taɓa daɓe kai tsaye. Idan ƙarfe za ka ɗora a kan ƙarfe kuma babu roba, sa falankin katako a tsakani. Idan kaya hawa-hawa ne, tsakanin kowane hawa ma yana son shimfiɗa, domin na sama yana iya zamewa a kan na ƙasa alhali na ƙasa bai motsa ba.

Jera kaya

Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, nauyin ya rabu daidai tsakanin dama da hagu. Ka san iyakar abin da motar take ɗauka da iyakar kowane aksil, wato sandar da take haɗa tayoyin dama da hagu, don mota tana iya zama ba ta wuce kima ba a jimla amma ƙafa ɗaya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta.

In da hali, matsa kaya har su jingina da bangon gaba na bodi. Kayan da ya taɓa bango ba shi da filin da zai ɗauki gudu. Wanda aka bar masa taku biyu kuwa zai iso bangon ne da duka, kuma bangon da zai iya tare turi ba lallai ya iya tare duka ba. Shi ma bangon yana da iyaka: a ƙa'idar EN 12642, bodi na yau da kullum bangon gabansa yana tare kashi 40 cikin 100 na lodin motar, bai wuce tan 5 ba. Idan rabon nauyi ya hana ka kai kayan gaba, misali inji guda mai nauyi da dole ya zauna a tsakiya, cike tazarar da falet a tsaye ko katako mai kauri da ya tokare daga gindin kayan zuwa gindin bangon. Haka tsakanin kaya da kaya. Jagorar Tarayyar Turai ta ce jimillar giɓi a kowace fuska kada ta wuce santimita 15.

Buhuna a jera su a sarƙe, hawa ɗaya a tsaye hawa ɗaya a gicciye, yadda kowane buhu zai danne biyu. Duk abin da yake mirginawa, duro a kwance ko naɗin waya ko fayif, a sa masa waigi gaba da baya, kuma waigin a kafe shi, kada a ajiye shi haka kawai. Dogon abu mai siririn gindi, irin firiji ko kabad, matsalarsa faɗuwa ce kafin zamewa: kwantar da shi idan ya halatta a kwantar, in ba haka ba jingina shi da bango, ka haɗa shi da 'yan'uwansa su zama dunƙule ɗaya.

Ƙaramar tirelar da ake ja da mota tana da nata sharaɗin. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyi ya kasance gaban aksil ɗinta, yadda za ta ɗan danna mahaɗar motar. A Amurka shawarar da aka saba bayarwa ita ce kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar ya sauka a kan mahaɗar. A Turai adadin ya fi haka ƙasa, saboda haka bi abin da aka rubuta a jikin mahaɗarka. Idan nauyi ya koma baya, tirela takan fara lilo da an ɗan yi gudu, kuma lilon ƙaruwa yake yi har ya juya motar da take ja. Babu ɗaurin da yake gyara wannan, sai an sake jeri.

Ɗauri ta sama, da adadin bel ɗin da yake ci

Ɗaurin da kowa ya sani shi ne a jefa bel ta saman kaya daga wannan gefe zuwa wancan a ɗame. Abin lura shi ne wannan bel ɗin ba tare kayan yake yi ba, danna shi yake yi ƙasa don kamunsa ya ƙaru. Saboda haka lambar da take aiki a nan STF ce, ba LC ba.

Ga misali. Akwatin katako mai tan 2 a kan daɓen ƙarfe, bai jingina da komai ba, kamu 0.3, bel mai STF 350, kuma bel ɗin yana sauka a miƙe daga gefen akwatin. Abin da ya rage a tare ta gaba shi ne 0.5 sau 2000, wato 1000. Kowane bel yana danna ƙasa da 350 ta gefe biyu, 700 ke nan, amma kashi 30 cikin 100 na wannan ne yake zama kamu, wato 210. Raba 1000 da 210, ka ƙara rubu'i na kariya kamar yadda ƙa'idar ta nema, za ka samu bel 6. Akwati ɗaya, bel 6. Yanzu sa roba a ƙarƙashinsa, kamu ya zama 0.6: abin da ya rage 400 ne, kowane bel yana ba da 420, bel 2 sun wadatar. Ka ga inda ribar take. Wanda ya jingina akwatin da bango mai ƙarfi kuma ya sa roba, aikin da ya rage wa bel ɗan kaɗan ne.

Kusurwar bel ma tana cin ƙarfinsa. Idan yana sauka a miƙe, duk matsinsa ƙasa yake tafiya. Idan ya kwanta ya koma digiri 30, rabi ne kawai yake danna kayan. Shi ya sa faranti ko ƙaramin kaya da aka ajiye a tsakiyar faffaɗar tirela yake da wuyar ɗaurewa ta sama: bel ɗin zai yi tauri kamar tsirkiya, ka ji daɗi, alhali ba ya danna komai. A irin wannan ɗora falet ko katako a kan kayan don bel ya samu tudu, ko ka sauya salon ɗaurin.

Ban da lissafin nauyi akwai na tsawo. Dokar Amurka ta ce kayan da bai jingina da bango ba, idan bai wuce mita 1.52 da kilo 500 ba, ɗauri ɗaya ya isa. In ya fi haka nauyi, ko tsawonsa ya kai har mita 3.04, biyu, daga nan kowane ƙarin mita 3.04 ko ɓangarensa a ƙara ɗaya. Ni dai ko ƙaramin kaya ne na fi son biyu, don kaya yana iya juyawa a ƙarƙashin bel ɗaya ya sulluɓe.

Yanzu aikin hannu. Sa safar hannu. Leƙa ɗaya gefen ka tabbata babu kowa, ɗaga kai ka duba wayar lantarki, sannan ka maƙala ƙugiya a gefenka ka jefa naɗin bel ɗin. Ba a jefa ɓangaren ƙarfe. Bel ya bi ta wurin da kayan yake da ƙarfi, in akwai katako a ƙarƙashi to ya bi daidai kansa, kada ya bi inda babu komai a ƙasa ya lanƙwasa kayan. Duk kusurwar da bel ya karya a kanta, sa mata kariya: ta roba da ake sayarwa, ko yankin tsohuwar taya, ko kwali mai kauri a ninke. Kariyar tana hana kaifi yanka bel, tana hana bel cin kaya, tana kuma barin matsi ya zagaya ɗaya gefen.

Maƙala ƙugiyar racet yadda ƙarfin zai zauna a cikin lanƙwasarta, ba a kan bakinta ba. Zura bakin bel ta cikin tsagar sandar da take tsakiyar racet, ka jawo shi da hannu har sako-sakon ya ƙare. Wannan jan na farko shi ne mutane suke tsallakewa, sai bel ya taru a kan sandar ya cushe kafin ya ɗame. Sannan ka yi ta ɗaga hannun racet kana saukewa har bel ya zagaye sandar sau biyu zuwa uku. Ƙasa da haka yana iya zamewa, fiye da haka yana cushewa. Ɗame da ƙarfin hannunka kaɗai. An gwada racet ne da jan hannu na 50 daN, kuma wanda ya zura masa fayif don ƙarin ƙarfi yana iya fasa shi ko ya murƙushe kayan. In ka gama, mayar da hannun ya kwanta har ka ji ya kulle, ka naɗe ragowar bel ka ɗaure shi. Wutsiyar bel da ta shiga ƙarƙashin taya tana iya fizge ɗaurin gaba ɗaya.

Gefen da racet yake ya fi ɗaya gefen matsi, wani lokaci har ninki biyu, saboda kusurwoyi suna riƙe bel. Idan bel da yawa ne, sa racet na farko a dama, na biyu a hagu, haka har ƙarshe. Inda bel yake da dogon fili a iska, murɗa shi rabin juyi. Hakan yana hana shi kaɗawa da kukan da yake cinye zarensa a hanya. Amma a kan kusurwa da cikin racet ya zauna a shimfiɗe.

Idan igiya ce a hannunka

Matsalar igiya ita ce jan hannu kaɗai ba ya ɗame ta. Maganin shi ne ɗaurin direbobi, wanda yake mayar da igiyar kanta abin ja.

Ɗaure kan igiyar a ɗaya gefen motar: zagaya ƙarfen sau biyu, ka yi ƙulli biyu a jikin igiyar. Jefa ta ta saman kaya, ka dawo gefenka. A jikin igiyar da take saukowa, kamar kamu uku ko huɗu sama da ƙugiyar da za ka yi amfani da ita, murɗa igiyar ta yi ido, ka ƙara murɗi ɗaya ko biyu. Sai ka kama igiyar da take ƙasa da idon, ka ninka ta, ka tura ninkin ta cikin idon, ka ja ƙasa har ya zama kunne. Kula da kyau a nan: ninkin daga ɓangaren ƙasa yake fitowa, ɓangaren da yake zuwa bakin igiya. Idan ka ɗauko shi daga sama, kunnen zai zama zarge, ya shaƙe da zarar ka ja.

Yanzu kai bakin igiyar ƙasa ya zagaya ƙugiyar mota, ya hau sama ya shiga cikin kunnen, sannan ka ja shi ƙasa da nauyin jikinka. A lissafi wannan yana ninka ƙarfinka sau uku. A aikace gugar igiya da igiya tana cin wani abu, sau da yawa bai wuce ninki biyu ba, amma ko hakan ya fi jan hannu nesa. Idan ta ɗame, matse wurin da igiyar ta ratsa kunnen da babban yatsa da manuniya don kada ta koma, ka yi ƙulli a ƙarƙashin kunnen ya zagaye igiyoyin biyu, ka ƙara na biyu. Ƙarin murɗin nan da ka yi tun farko shi zai sa kunnen ya kwance da sauƙi idan an isa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki doguwar igiya ɗaya a yi ta zagaya mota da ita daga gaba har baya ba tare da an kulle ko'ina ba. Wuri ɗaya ya tsinke, duka ta saki. In dole igiya ɗaya ce, kulle kowane zagaye a ƙugiyarsa kafin ka wuce na gaba. Kuma igiyar zaren tsiro, irin sisal, tana ɗamewa idan ta jiƙe, ta saki idan ta bushe. Wanda ya ɗaure cikin ruwan sama ya sake dubawa idan rana ta fito.

Kayan da ɗauri ta sama bai ishe su ba

Inji, tarakta, mota, duk abin da yake da wurin maƙalawa a jikinsa, ɗaurin kai tsaye ya fi masa. Bel ko sarƙa huɗu, kowace daga kusurwar kayan zuwa zoben mota, biyu suna ja gaba da gefe, biyu suna ja baya da gefe. A nan ne LC yake aiki, domin bel ɗin ne da kansa yake tare kayan, shi ya sa huɗu suke yin abin da goma ba za su yi ta sama ba. Ba a son ɗamewa mai tsanani, a dai cire sako-sako, huɗun su yi daidai. Abin da yake da taya a ja masa birkin hannu, a sa waigi. Babur a tsayar da shi a miƙe, tayar gaba ta tokari bango, a ja shi ta dama da hagu har shokozobansa ya ɗan nutse, amma kada a danne shi har ƙarshe.

Fayif, rodi da dogon katako suna son a fara ɗaure su dami guda, sannan a yi musu ɗaurin zobe: bel ya tashi daga gefe ɗaya, ya zagaye damin, ya dawo gefen da ya fito, wani kuma ya yi haka daga ɗaya gefen. Ana yin su bibbiyu, aƙalla gaba da baya. Wannan yana hana su fita gefe, amma ba ya hana na tsakiyar dami zamewa gaba, saboda haka bakinsu ya tokari bango mai ƙarfi. Abin da ya leƙo bayan mota a ɗaura masa jan ƙyalle, da dare kuma fitila, gwargwadon dokar ƙasar da kake.

Tamfol yana zuwa ne bayan an gama ɗauri. Aikinsa ruwa da ƙura da tare ƙananan abubuwan da iska za ta kwashe. Ba a lissafa shi cikin abin da yake riƙe kaya. In guda biyu ne, fara shimfiɗa na baya, na gaba ya hau kansa, don iska ta bi ta sama kada ta shiga tsakani ta kumbura shi.

A hanya da wajen saukewa

Kafin ka tashi, zagaya motar ka girgiza kayan da hannu, ka bugi kowane bel. Sannan ka sa a ranka cewa ɗaurin da ka yi a tsaye ba shi ne zai kai ka ba. Da mota ta fara tafiya buhuna suna zaunawa, katako yana matsewa, bel yana neman gajeriyar hanya. Dokar Amurka ta wajabta wa direba ya tsaya ya duba cikin kilomita 80 na farko, daga nan kuma duk awa 3 ko kilomita 240, wanda ya riga zuwa. Wannan iyaka ce ta doka. Kayan da suke nutsewa kamar buhuna, ko hanya mai gargada, suna son a tsaya tun ba a yi nisa haka ba. Haka bayan birki mai ƙarfi, da bayan an sauke wani ɓangare na lodin, don giɓin da aka bari sabon fili ne ga abin da ya rage. Idan ka tarar bel ɗaya yana saki a kowace tsayawa, kada ka tsaya ga ƙara ɗame shi. Nemi abin da yake motsi a ƙarƙashinsa.

Wajen saukewa ma ana jin rauni, domin kayan da ya karkata a hanya bel ne kaɗai yake riƙe da shi. Tsayar da mota a wuri mai daidai, ka dubi lodin ta kowane gefe kafin ka taɓa komai. In ka ga ya jingina da bel, sa wani bel ɗin ko a tokare shi da abin ɗaga kaya tukuna. Cire tamfol, ka tsaya ta gefen racet ba gabansa ba, ka ja 'yar maƙallar sakinsa, ka buɗe hannun har ya miƙe sambal; bel ɗin zai saki gaba ɗaya lokaci guda, don haka fuskarka da yatsunka su yi nesa. Kwance ɗaya bayan ɗaya, kana kallon kayan, kuma kada kowa ya tsaya a gefen da zai iya faɗowa.

Bel ɗin da ya jiƙe a shanya shi a inuwa ya bushe kafin a naɗe, wanda ya sha laka a wanke shi da ruwa zalla, don yashin da ya shiga tsakanin zare yana yanka shi daga ciki. A ɗiga wa racet ɗan mai a gaɓoɓinsa ban da sandar da bel yake naɗuwa a kai, a ajiye su a akwati nesa da rana da ruwan batir.